Nisa ma kuɗi ne: jawabi ga matasan birni



An ce in yi magana kan adalci a fannin sufuri, ilimi, lafiya da bincike. Fanni huɗu ne, amma ni ciwo ɗaya nake gani a cikinsu, sunansa nisa. Da yawanku kabu-kabu ko adaidaita kuka hau zuwa nan, kuka biya dala arba'in ko hamsin, har kun manta. Ku riƙe wannan kuɗin a ranku, za mu dawo kansa.

Ina shekara ta biyu a jami'a na je hutun damina ƙauyenmu. Wata rana bayan isha'i matar yayana ta kama naƙuda. Ungozoma ta yi iya ƙoƙarinta, ta ce abin ya fi ƙarfinta. Tsakaninmu da CSI kilomita 18 ne, kuma ba mota a garin sai ranar kasuwa. Muka ɗaura amalanken shanu, muka shimfiɗa mata tabarma. A hanya muka tarar ƙorama ta kawo ruwa, muka zauna jiran ya janye. Sai da asuba muka isa. Majo ya duba ta ya ce sai an yi tiyata, shi kuma ba shi da ɗakin tiyata, sai babban asibitin gunduma. Ambilans na nan, amma sai an sa esans. Yayana ya jinginar da tunkiyarsa ta waya, aka turo kuɗin. Uwar ta rayu, alhamdu lillahi. Jaririn bai zo da rai ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tiyatar kyauta aka yi ta. Ko dala ba a karɓa ba. A takarda, ƙasa ta cika alƙawarinta. Tun shekarun 2005 da 2006 Nijar ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, haka ma kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar. A 2024 kuma an rage kuɗin asibitocin gwamnati. Matakai ne masu kyau, ba na raina su. Amma kyautar tana jira ne a bakin ƙofar asibiti, kuma ba kowa ke isa ƙofar ba. Ma'aikatar lafiya da kanta tana auna kusanci da kilomita biyar, kuma kusan rabin ƴan ƙasar nan suna zaune nesa da hakan daga cibiyar lafiya. Matar da ke unguwarmu a birni da matar yayana doka ɗaya ta rufe su. Ɗaya ta biya dala hamsin na adaidaita, ɗaya ta biya tunkiya da ɗa.

Wannan shi ne bambancin daidaito da adalci. Daidaito ya ce a ba kowa mudu ɗaya. Adalci kuwa sai ya tambaya: wa ke kusa da rumbu, wa zai yi tafiyar yini kafin ya karɓi nasa?

Mu duba lakkal. Jarrabawar BEPC takarda ɗaya ce, rana ɗaya, daga Yamai har Bilma. Daidaito ke nan. To amma yaron da ajinsa na zana ne, yaushe ya soma karatu? Sai an gama girbi an samu kara an kafa rumfa. Yaushe ya daina? Ranar da hadari na farko ya taso. An gutsure masa shekara gaba da baya, sannan a zaunar da shi jarrabawa ɗaya da wanda ke ajin siminti mai fanka. Kuma zana ba karatu kaɗai take ci ba. A watan Afrilun 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, yara fiye da 20. Allah Ya jiƙan su. Ku tambayi kanku ƴaƴan su wa ke zama cikin irin waɗannan azuzuwa.

Sai ɗiya mace. Ta gama firamare a ƙauye, ta ci, kolej kuma yana wani gari. Dole a nema mata masauki gidan wani. Mun san yadda abin ke ƙarewa sau da yawa: ita ce ɗebo ruwa, ita ce wanke-wanke, ita ce talla, littafi sai dare in akwai fitila. Uban ya ji labari, ya ce ta dawo gida, daga nan sai aure. Mu kuma ƴan birni mu hau Facebook mu ce baƙauye bai san darajar ilimi ba. Wallahi wani uban ya sani sarai. Tsoro yake ji, kuma tsoronsa yana da dalili. A kawo kolej kusa, ko a samar da masauki mai tsaro, sannan mu ga iyaye nawa za su ƙi.

Duk wannan yana komawa kan hanya. Babbar hanyarmu ta ɗaya ta ratsa Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram, har Difa. Wanda ke kan gudron yana da bas mai sanyi kowace safiya. Ka sauka daga gudron kilomita 30 kawai, ka shiga wata ƙasa: motar kasuwa sau ɗaya a mako, mutane bisa buhuna, awaki bisa mutane. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar a karkara suke. An shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, an yi bikinsa a 2016, har yau ba fasinjan da ke hawansa. Duk lokacin da na bi ta gefensa sai in tuna ƙoramar ƙauyenmu, wadda ƙaramar gada ɗaya ta ishe ta. Hanyar laterit da ƙaramar gada ba su da farin jini a talabijin, amma su ne ke kai mai naƙuda asibiti, su kawo malami ƙauye, su fitar da wake da albasa kasuwa kafin su lalace.

Na huɗu, bincike. Wani zai ce wannan zancen ƴan boko ne. A'a. A gundumar Madarumfa an gwada rigakafin gudawar yara, irin wanda ke jure zafi, kan jarirai fiye da 3,000. Sakamakon ya fito a 2017 a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, ya nuna rigakafin yana aiki, kuma duniya ta amfana. Aiki ne mai kyau, abin alfahari. Amma su wa suka miƙa jariransu? Iyayenmu mata na ƙauye. Haka sassaben zamani, wato barin kututture ya sake toho cikin gona: manoman jihar Maraɗi suka riƙe shi tun shekarun 1980, har itatuwa suka dawo kan miliyoyin eka, yau ana koyar da shi a ƙasashen waje. Ilimin daga ƙauye ya fita. Ni da na yi jami'a, da Ingilishi da Faransanci na karanta shi. Tsohuwar da aka yi wa tambayoyi ƙarƙashin gawo, da wane harshe za ta ji amsar?

Kuma laifin har da mu. Yau muna da jami'a a Maraɗi, Damagaram da Tawa tun 2010, aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014. Ɗalibi nawa ne cikinmu ya je ƙauye da takardar tambayoyi, aka ba shi fura, aka ba shi wurin kwana, ya rubuta memuwar, ya samu maki, bai sake waiwayar garin ba? Ni ma na yi. Ina faɗa da kunya.

To me za mu yi? Abu huɗu nake roƙo, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu.

Na ɗaya, kowa yana da ƙauye. In ka je Sallah ko hutu, ka auna: kilomita nawa zuwa CSI, zuwa kolej, zuwa gudron? Nawa ne kuɗin babur da rani, nawa da damina, nawa da dare? Ka rubuta ka turo wa shafin nan. Koke ba ya motsa kowa, amma lissafi yana da nauyi a ofis.

Na biyu, mu ɗauki wannan lissafin mu je meri, cikin ladabi, mu tambayi abin da aka ware wa hanyoyin karkara da esans na ambilans. A wasu gundumomi an gwada ƙara dala ashirin kan kuɗin ganin likita, a tara a asusu don ɗaukar marar lafiya zuwa babban asibiti. In akwai irinsa a yankinku, ku tambayi wa ke riƙe da shi. In babu, ku kawo shawarar.

Na uku, ƙungiyoyinmu na ƴan asalin gari sun iya tara kuɗin biki da na ƙwallo. Mu tara na hayar gida ɗaya kusa da kolej, da dattijuwa amintacciya, don ƴan matan garinmu. Wadda kuma aka kawo gidanku karatu, ɗaliba ce, a bar ta ta yi karatu.

Na huɗu, ɗalibai: in ka gama bincike, ka koma inda ka ɗebo shi. Ka zauna ƙofar maigari ko gidan rediyon gari, ka faɗi abin da ka gano da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci, duk harshen da aka amsa maka da shi.

Matar yayana tana nan lafiya, ta sake haihuwa. Wannan karon tun wata na takwas muka kawo ta birni ta zauna gidanmu. Ita tana da mu. Maƙwabciyarta ba ta da kowa a birni, kuma ƙoramar na nan inda take. In za ku hau kabu-kabu ku koma gida anjima, ku miƙa dala hamsin ɗin nan, ku tuna da ita.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa.