Sa Hannu Shaida Ce: Ƙarshen Shekara a Sashen Horar da Malamai

Lacca ce da aka gabatar a taron bankwana da ɗaliban ajin ƙarshe

 

Duk wanda ya ratsa barandar sashenmu a makonnin nan ya san shekara ta zo ƙarshe, ko da bai duba kalanda ba. Takardun jarrabawa sun yi tsibi a kan kowane tebur. Ɗalibai sun yi layi a ƙofar malaman da ke duba musu kundin bincike, kowa na rungume da babi na biyar. Mai shagon buga takardu ba ya tashi sai dare ya raba. Jami'in jarrabawa yana fama da lissafin maki, wata ɗaliba na tsaye a gaban allon sanarwa tana neman lambarta, wani kuma yana addu'a kada kwas ɗin aji biyu ya sake biyo shi. A waje ana rubuce-rubuce a kan fararen riguna, ana ɗaukar hoto, ana neman gafarar juna. Yajin aikin da aka yi na wata takwas a 2022 ya jirkita kalandar jami'o'inmu, har ƙarshen shekarar karatu ya daina dacewa da wani lokaci sananne na damina ko rani. Amma duk watan da ya faɗo, kamanninsa ɗaya ne. Ranar wanka ce, kuma ba a ɓoyon cibi.

A cikin wannan hada-hada akwai wani ɗan aiki da ba ya ɗaukar minti guda, shi nake so mu tsaya a kansa yau. Malami ya gama duba takardu, ya cika takardar maki, ya ɗauki biro ya sa hannu a ƙasa. Daga nan takardar ta je taron sashe, mai jarrabawa na waje da aka gayyato daga wata jami'a ya duba, ta wuce taron tsangaya, ta isa majalisar jami'a. Kowane mataki da nasa sa hannun. Mun saba da shi har muna ganinsa kamar cika ƙa'ida kawai. Ni kuwa a wurina shaida ce muke bayarwa. A sashenmu shaidar ta fi nauyi, domin waɗanda za ta shafa ba sa cikin wannan zaure. Wasunsu suna goye a bayan iyayensu mata, wasu ma ba a haife su ba.

Kakanninmu sun san nauyin wannan al'amari. A zauren karatu, malami ba ya ba almajiri ijaza sai ya zaunar da shi shekaru, ya ji karatunsa, ya ga halinsa. Idan ya ba shi, sunan malamin na cikin salsalar, haɗe da sunayen malaman da suka gabace shi. Duk inda almajirin ya yi kuskure, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ta kafa tsarin 'yan taru a ƙarni na 19, takan ɗora wa jaji, wato jagorar matan, malfa da kanta kafin ta tura ta ƙauyuka ta karantar da mata. Malfar nan alama ce cewa Nana ta san wannan mata, ta yarda da ita. Hular da za ku sa ranar yaye ɗalibai, 'ya'yana, ma'anar da ya kamata ta ɗauka ke nan.

Karatun boko ma a Arewacin ƙasar nan da horar da malamai ya kafu. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 makarantar horon malamai ce. Daga cikinta Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ya koyar a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari duk sun riƙe alli kafin su shiga siyasa. Ɗaliban wancan zamani 'yan kaɗan ne, malaminsu ya san rubutun hannun kowa da garin kowa. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, dole aka shiga yaye malamai cikin gaggawa. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Daga baya aka samar da hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, da hukumar rajistar malamai a 1993, aka kuma mai da takardar NCE mafi ƙarancin abin da za a shiga aji da shi. Buɗe ƙofar ilimi ga ɗan talaka alheri ne babba, kuma da yawanmu a nan ta wannan ƙofa muka shigo. Sai dai yawa ya zo da nasa ciwon. Takardu sun ƙaru, sanin ɗalibi ido da ido ya ragu.

Mun ga inda ciwon ya kai. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji, ta sanar cewa fiye da 21,000 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta muhawara a kan yadda aka shirya jarrabawar da yadda aka sallami mutanen, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki. Ba wannan muhawara ta kawo ni ba. Tambayar da ta hana ni barci a lokacin ita ce: duk wanda ke riƙe da takardar shaidar malanta a cikinsu, wa ya sa masa hannu? Wani malami ne irina, a wani ƙarshen shekara irin wannan, a gajiye, da tarin takardu a gabansa.

A duk makin da muke bayarwa babu wanda ya kai na koyarwar gwaji muhimmanci, kuma babu wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Jarrabawar zaure tana nuna ɗalibi ya haddace ra'ayoyin masana a kan yadda yaro ke koyo. Kundin bincike yana nuna ya iya tsara babi da jera alƙaluma. Amma ko zai iya tsayawa gaban yara tamanin da ke zaune a ƙasa, allo ya kwarzabe, rana ta take, ya sa yarinyar da ke can baya kusa da taga ta gane rabe-raben lissafi? Wannan sai a cikin aji ake ganinsa. Gani ya kori ji.

Bari in faɗa muku abin da ya faru da ni. Wata shekara aka ba ni makarantu da yawa in zaga duba ɗalibai masu koyarwar gwaji, kuɗin mota bai fito ba, lokaci ya ƙure. Na isa wata firamare da azahar, na tarar da ɗalibina a aji. Na zauna minti goma, na duba littafin tsara darasinsa, rubutu tsaf, na ba shi maki mai kyau, na sa hannu na wuce. Bayan shekaru na haɗu da hedimastan makarantar da aka ɗauke shi aiki. Cikin ladabi ya ce mini: "Malam, yaronku mutumin kirki ne, amma kwafar littafi yake yi a allo, yara su kwafa, a tashi." Ban iya ce masa komai ba. Littafin na duba a ranar, ban duba fuskokin yaran ba. Har yau ina lissafa ajujuwan da suka ratsa hannunsa, ina neman gafarar Allah.

A wata shekarar kuma na je wani ƙauye duba wata ɗaliba da makinta na zaure bai taka kara ya karya ba. Na same ta ta tara murafun kwalba a cikin gwangwani, ta raba yara rukuni-rukuni, tana koya musu ɗebewa da Hausa, sannan ta faɗi kalmar da Turanci su maimaita. Abin da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanada ke nan, a fara wa yaro da harshen da yake ji. Ta san sunan kowane yaro. Da aka kaɗa ƙararrawa babu wanda ya motsa. Da a ofis na zauna na cika mata fom, da na zalunce ta kamar yadda na zalunci yaran ajin wancan ɗalibin nawa.

Saboda haka ina da roƙo. Abokan aikina, kada mu sa hannu a kan darasin da ba mu zauna mun gani daga farko har ƙarshe ba. Idan uba ko wani babba ya zo neman alfarma a ƙara wa ɗansa maki biyu, mu karɓe shi da mutunci, mu tuna masa cewa jikansa na iya faɗawa ajin wannan ɗa. Tausayin da zai ceci mutum ɗaya ya cuci aji guda shekara talatin, ba tausayi ba ne. Wanda ya gaza, a ba shi dama ya sake, a tsaya masa har ya iya. Hukumar jami'a kuma, kuɗin zagayen duba ɗalibai ya riƙa fita kafin a tura su, kuma a rage yawan ɗaliban da ake ɗora wa malami ɗaya. Shugabannin makarantu, ku ne kuke tare da ɗalibanmu kullum, mu baƙi ne na yini ɗaya. Ku rubuto mana gaskiyar abin da kuka gani, mu kuma mu ba rahotonku nauyi a cikin maki.

Ku kuma 'ya'yana, na san da yawanku ba malanta kuka nema ba tun farko, gurbin da aka samu ke nan. Na san albashin bai kai wahalar ba, wani wurin ma ba ya zuwa a kan kari. Amma mafi yawanku aji za a tura ku a shekarar hidimar ƙasa, kuma yaran da za ku tarar ba su san da wannan labari ba. Abin da suka sani shi ne an kawo musu malami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hannunku zai kasance. Ku shirya darasi ko da babu mai dubawa. Ku koyi sunayen yara a makon farko. Idan aka tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce za ku bincika, kuma ku bincika. Kafin zangon farko ya ƙare za a miƙo muku katin sakamakon yara ku cika. Ranar nan biron ya dawo hannunku, ku ma kun zama masu ba da shaida.

Nan da 'yan kwanaki za mu zauna taron sashe, a karanto sunayenku ɗaya bayan ɗaya, mu sa hannu. Sunayenmu za su bi ku duk makarantar da kuka shiga, kamar yadda sunan malamin zaure ke bin almajirinsa. Ku riƙe mana su da kyau.

Allah Ya sa albarka a karatunku, Ya saka wa iyayenku da malamanku da alheri, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa shaidar da muka bayar a kanku ta zama gaskiya ranar da za a tambaye mu.