Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Duba Waɗannan Kafin Ka Ce An Yi Maka Kutse

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Gaisuwa ga masu bibiyarmu daga Kwanar Dangora, Kiru, Bebeji, Tiga da Tudun Wada, har can Doguwa da Riruwai. Allah Ya bar zumunci.

Maganar yau ƙarama ce a ido, amma ta sa ɗalibai da yawa kwana ba barci. Kusan duk lokacin da aka buɗe rajistar JAMB, ko aka fara ba da gurbin karatu, ko aka buɗe neman wani tallafi, saƙonni iri ɗaya ke shigo mana: "Na sa kalmar sirri ya ce ba ita ba ce." "An sace wayata, yanzu ban san yadda zan shiga ba." "Wallahi an yi min kutse." Abin da ke bayan shafin kuma ba wasa ba ne. Gurbin jami'a ne da sai ka shiga CAPS ka karɓa da hannunka. Bashin karatu ne na NELFUND, wanda aka buɗe shafinsa ranar 24 ga Mayu, 2024. Mutum ya biya kuɗin mota daga Doguwa zuwa Kano saboda matsalar da minti biyar za ta warware a ɗakinsa, ai da ciwo.

To, matsalar shiga shafi wuri uku take ɓuya: ko a burauza, ko a kalmar sirrin, ko a imel da layin wayar da aka buɗe asusun da su. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi.

NA FARKO: BURAUZA

Burauza ita ce manhajar da kake buɗe shafin intanet da ita: Chrome, Opera Mini, Firefox, ko Phoenix da ke zuwa a wayoyin Tecno da Infinix da yawa. Abin da mutane ba sa lura da shi, kowacce da nata ma'aji. In ka ajiye kalmar sirri a Chrome, gobe ka buɗe shafin da Opera Mini, kana iya tarar da akwatin wayam. Haka in ka danna adireshi daga cikin Facebook, sau da yawa a cikin ƙaramar burauzar Facebook yake buɗewa. Kwafi adireshin, ka kai shi burauzar da ka saba, ka gani.

Sai agogon waya. Wannan yana ba mutane dariya, amma gaskiya ne. Waya ta kwana biyu a mace saboda rashin wuta, ka kunna, kwanan wata ya koma wata shekara can baya. Shafukan da ke da tsaro suna ɗauke da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza kuma da agogon wayarka take auna ta. In agogon ya kauce, sai ta ƙi buɗe shafin, ta fito maka da gargaɗi. Shiga saitin waya, ka bar kwanan wata da lokaci su riƙa saita kansu.

Masu Opera Mini, ku ji wannan. Tsimin datar da take yi, ta hanyar bi da shafin ta kwamfutocin kamfanin ne a matse shi kafin ya iso gare ka. Don karanta labarai, madalla. Amma wajen cike fom ko shiga asusu, matsewar kan sa wasu maɓallai su ƙi aiki. Rage tsimin, ko ka koma Chrome har ka gama.

Sai kukis. Ka san ɗan katin da mai gadin babura ke ba ka a kasuwa, wanda in ka dawo ka nuna a ba ka mashin ɗinka? To haka kukis yake. Shafi ne ke ba burauzarka shi don ya gane ka in ka dawo. In katin ya lalace, za ka ga kana shiga ana maido ka ƙofa, kana shiga ana maido ka. Ga gwaji mai sauƙi: buɗe shafin ɓoye na burauzar, wanda a Chrome yake da hoton hula da tabarau, ka shiga daga nan. In ya buɗe, kalmar sirrinka lafiya lau take, kukis ɗin ne. Goge na wannan shafin kawai. Kuma duk lokacin da za ka yi shara a burauza, karanta akwatunan kafin ka danna, don a wasu burauzocin akwai akwatin da ke share ajiyayyun kalmomin sirri gaba ɗaya.

NA BIYU: KALMAR SIRRIN KANTA

Babbar matsala a nan ita ce tsohuwar kalma. Ka canza kalmar sirri a kwamfutar kafe, amma wayarka tana riƙe da ta da. Kana buɗe shafin ta cike maka ɗigo-ɗigo, kai kuma ka danna ba ka duba ba. Ya ƙi, ka sake dannawa. Shafuka da yawa in ka yi ta kuskure suna rufe asusun na wani lokaci. Don haka in ya ƙi sau biyu, dakata.

Je ka ga abin da aka ajiye da idonka. A Chrome, danna ɗigo ukun nan na sama, ka shiga saiti, ka nemi Google Password Manager, ko ka rubuta passwords.google.com. Zai tambaye ka makullin wayarka, sannan ka danna hoton ido ka ga kalmar. In tsohuwa ce, gyara ta a nan. Ka kuma duba wane asusun Google ne ke kai. Wayoyinmu da yawa suna ɗauke da imel biyu ko uku, har da wanda mai shago ya buɗe don ya saukar maka da manhajoji. Wataƙila kalmar tana cikin ɗayan.

In da hannu kake rubutawa, lura da allon rubutu. Yakan mayar da harafin farko babba ba ka sani ba, yakan ƙara fili a ƙarshen imel. Sifili da harafin O suna kama, haka ƙaramin L da babban I, musamman in a takarda wani ya rubuta maka.

Akwai kuma bambanci tsakanin kalmar da aka ajiye a asusun Google da wadda ke zaune a kan wayar kaɗai. Ta cikin asusu, ko wayar ta faɗa rijiya, ka sayo sabuwa a Farm Centre, da ka shiga imel ɗinka za ta dawo. Ta kan waya kaɗai kuwa, ranar da mai gyara ya yi wa wayar filashin, ta tafi ke nan. Kafin ka kai waya gyara, tabbatar ka san imel ɗinka da kalmarsa da ka.

Yauwa, ga wata mai muhimmanci. Wani lokaci ƙin cikewar da burauza ta yi taimakonka take yi. Tana haɗa kowace kalmar sirri da ainihin adireshin da aka ajiye ta. In aka turo maka adireshi a guruf ɗin WhatsApp, shafin ya yi kama da na gaske sak, amma burauzar da ta saba cike maka ta yi shiru, to tsaya ka karanta adireshin harafi-harafi. Na JAMB yana ƙarewa da jamb.gov.ng, na bashin karatu da nelf.gov.ng. Shafin bogi yana iya kwaikwayon launi da tambari, amma adireshinsa dole ya bambanta.

NA UKU: IMEL DA LAYI

Nan ne zuciyar maganar, don Allah a saurara da kyau. Kalmar sirri in ta ɓata ana sake wata. Kowane shafi yana da maɓallin wanda ya manta. Amma in ka danna, ina za a tura maka saƙon? Imel ɗinka, ko layinka. To tambayar ita ce, su waye ke riƙe da waɗannan biyun?

Mu faɗi yadda abin yake a yankinmu. Yaro ya gama sakandare, ya je kafe a yi masa rajista. Layi ya yi tsawo, mai kafe yana sauri, sai ya buɗe masa imel nan take, ya sa kalmar da ta zo masa a ka, wani lokaci ma lambar wayarsa ya sa. Yaro ya karɓi takardarsa ya tafi yana murna. Ba mugunta ba ce, yawancinsu taimako suke yi, kuma ba don su ba da yawa ba za su yi rajistar ba sam. Amma bayan shekara, an tashi shagon, ko an wanke kwamfutar, ko mai kafen ya koma wani gari. Ɗakinka ne, makulli yana aljihun wani.

Kuma lokaci ba ya jira. Tun daga Disambar 2023, Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Layin waya ma in ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan karɓe shi ya sake sayarwa, saƙonninka su koma hannun baƙo. Waɗanda ba su haɗa layinsu da NIN ba kafin wa'adin 14 ga Satumba, 2024, sun ga yadda rufe layi yake. Tun 2021 kuma JAMB ta wajabta NIN, kuma daga layinka kake tura saƙo zuwa 55019 ko 66019 don samun lambar rajista da duba sakamako. Wato wannan ɗan sim ɗin ya zama kamar takardar makaranta.

'Yan uwana mata, ku wannan ta fi shafa. Da yawa da layin yaya ko na baba ake yi muku rajista, wata ma da na saurayi. In layin ya ɓata, walkam bak sai mai sunan ya je da kansa. In kuwa soyayyar ce ta watse, Allah Ya kyauta. Ki samu layi da sunanki da NIN ɗinki. In babu hali, to ya zama na wanda kullum yake gida, kuma a riƙa amfani da shi.

ME ZA A YI YAU?

Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka jira sai ranar da za a rufe shafi.

Na ɗaya, shiga imel ɗin da aka yi maka rajista da shi, yau ɗin nan. In ba ka san shi ba, duba takardar rajistarka, ko ka koma wurin wanda ya yi maka tun yana nan. Canza kalmar zuwa wadda kai kaɗai ka sani, kuma kada ta zama lambar wayarka ko shekarar haihuwarka.

Na biyu, shiga myaccount.google.com, ɓangaren tsaro, ka duba lambar waya da imel ɗin ceto. In ba naka ba ne, cire ka sa naka. In ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowacce sau ɗaya ake amfani da ita. Kwafe su a takarda.

Na uku, samu ƙaramin littafi. Rubuta sunan shafi, imel, da kalmar sirri, ka ajiye inda kake ajiye sakamakon WAEC ko NECO. A yanayinmu, littafin da ke ƙasan akwati ya fi hoton allo da ke cikin waya aminci nesa ba kusa ba.

Na huɗu, sa wa wayarka makulli. Wayar da ke buɗe, duk wanda ya tsince ta ya tsinci imel ɗinka da saƙonninka, da su kuma zai iya sake kalmar sirrin sauran asusunka.

Na biyar, in ka shiga a kafe ko a wayar aboki, burauza ta tambaye ka ko ta ajiye kalmar, ce a'a. In ka gama, fita daga asusun, rufe shafin kawai bai isa ba. Lambar da ake turowa ta saƙo kuwa, kada ka karanta wa kowa a waya, ko da ya ce daga hukuma yake.

Wanda kuma ya riga ya rasa, kada ya yanke ƙauna. Gwada dawo da imel ɗin daga wayar da ka saba shiga da ita, ka sa kalmar ƙarshe da kake tunawa, don Google na la'akari da hakan. In na JAMB ne, je ofishin hukumar a Kano ko cibiyar CBT da ta amince da ita, da NIN ɗinka a hannu. Masu cewa ka turo dubu kaza su buɗe maka asusu, ka yi nesa da su, kuɗinka da bayananka za su haɗa su tafi da su.

Roƙona ga waɗanda suka yi karatu a cikinmu: kowa yana da ƙani ko ƙanwa da ke shirin JAMB. Zauna da su a wannan makon, ku buɗe imel tare, ka bar su su rubuta kalmar da hannunsu, su fita su sake shiga har sau biyu a gabanka. Rabin awa ya isa.

Nan za mu tsaya. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, amma don Allah kada kowa ya rubuto kalmar sirrinsa ko lambar NIN ɗinsa a bainar jama'a. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.