A Gwada Shafi Kafin A Miƙa Wa Malami: Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai, Haɗeja

 

An nemi in yi tsokaci a kan shafin intanet da ƙungiyarmu take son buɗewa domin taimaka wa malamai idan aikin kwamfuta ya cije. Buƙatar a fili take. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, rajistar WAEC da NECO ma ta intanet ake yi. Idan kalmar sirri ta ɓace ko hoton ɗalibi ya ƙi hawa ana gab da rufe rajista, yaro na iya asarar shekara guda.

Shawarata ita ce, kada a ƙaddamar da shafin sai malamai sun gwada shi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wajen aikinmu ga yadda muke yi. Mukan zaunar da malami, mu ba shi aiki ɗaya, misali ya nemo yadda ake sake kalmar sirri. Daga nan sai mu kame bakinmu, ba nuni, ba gyara, muna rubuta duk inda ya tsaya ko ya rikice. Ba malamin ake jarrabawa ba, shafin ne. Masanin nan Jakob Nielsen ya bayyana a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin shafi. Ashe ke nan abin ba ya cin kuɗi.

Sai dai a lura da waɗanda za a zaɓa. Kada a tsaya kan matasan cikin gari. A ɗauko dattijon malami daga Guri ko Kirikasamma, ya gwada da ƙaramar wayarsa, a inda sabis yake da rauni. Mun ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yanke hanyoyi a ƙasar nan. A irin wannan lokaci shafin ne kaɗai ofishin da zai iya zuwa. In ya yi masa nauyin buɗewa, ko Turancinsa ya yi tsauri, to an yi aikin banza.

Saboda haka ina roƙon malamai biyar su ba sakatare sunayensu kafin a tashi. Ku kuka duba takardunmu da jan biro, yau ma ku za ku duba mana wannan.