Kayan da Aka Saya ta Intanet Suka Zo da Aibi: Wa Zai Biya Kuɗin Mayar da Su?

(Jawabin da kwamitin wayar da kai ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Agege, Legas)



Batun da za mu yi magana a kansa yau ya shafi kusan kowane gida a cikinmu. Matanmu suna ganin atamfa ko shadda a WhatsApp, su tura kuɗi Kantin Kwari a Kano, a ɗoro musu a mota. Samarinmu suna sayen waya ko fanka a Jumia ko Konga, ko a hannun masu talla a Facebook da Instagram. Sau da yawa kaya kan iso lafiya. To amma wani lokaci sai a buɗe kwali a tarar da waya ba ta kamawa, ko atamfa da tabo. Da an kira mai kaya sai ya ce a dawo masa da su, amma kuɗin mota na mai saye ne. A nan ne da yawanmu muke haƙura, domin muna ganin mu baƙi ne a gari, ba mu son rigima.

To jama'a, doka ta riga ta yanke wannan magana, kuma doka ce ta tarayya, wadda ba ta bambanta ɗan gari da baƙo. Ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar nan ta FCCPC, wadda ta maye gurbin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar 1992.

Sashe na 131 na dokar ya ce haƙƙin mai saye ne ya sami kaya masu inganci, masu aiki, marasa aibi, waɗanda suka dace da abin da aka saba yi da irinsu. Sashe na 132 kuma ya ce idan kaya suka gaza wannan, mai saye yana da wata 3 daga ranar da suka zo hannunsa ya mayar da su ba tare da an ci shi tara ba, kuma kuɗin mayarwa da duk abin da ya same su a hanya yana wuyan mai sayarwa. Daga nan wajibi ne mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Ke nan idan aibi daga kayan ne, kuɗin mota ko na ɗan aike ba namu ba ne.

Bari mu ba da misali. A ce wata baiwar Allah a Idi-Araba ta sayi injin markaɗe na naira 40,000 daga wani mai shago a Anacha, ta biya 5,000 kuɗin kawowa. Injin ya iso, an jona shi, bai tashi ba. Idan ta biya wata 5,000 ta mayar, ta sake biyan 5,000 aka kawo sabo, injin ya tashi mata a kan 55,000 saboda laifin da ba nata ba. Abin da doka ta hana ke nan.

Sai dai ba kowace mayarwa ce take kan mai sayarwa ba, don haka ya kamata mu rarrabe abubuwa uku.

Na farko, idan kayan lafiyarsu ƙalau amma ba su ne muka yi oda ba, misali mun ga shadda mai tsada a hoto aka aiko mana da ta ƙasa da ita. Sashe na 122 ya ce wanda bai sami damar duba kaya kafin a kawo masa ba, yana iya ƙin karɓarsu cikin lokacin da ya dace idan sun saɓa wa yadda aka siffanta su, a mayar masa da dukan abin da ya biya. A nan gaggawa ce magani. Kada a kai wa tela ya yanka, sannan a dawo ana ƙorafi.

Na biyu, idan ra'ayi ne kawai ya canza, wato kayan su ne, kuma babu aibi, sai dai launin bai burge mu ba ko mun ga mai araha a wani wuri. Wannan sai abin da sharuɗɗan mai sayarwa suka ce, kuma yawanci mai saye ne yake biyan kuɗin mayarwa. Haka nan idan mu muka lalata kayan da hannunmu, ko yara suka jefa waya a ruwa.

Na uku, kuma a nan ne muka fi yin asara, shi ne maganar direba. Al'adarmu ce mu ce wa mai kaya, "Kai tasha ka ba direba wane, na san shi." A ƙa'idar dokar ciniki, da zarar mai kaya ya miƙa su ga wanda zai ɗauko mana, ana iya ɗauka cewa sun shiga hannunmu. Idan suka fashe ko suka jiƙe a hanyar Lakwaja, mai kaya zai ce lafiya ya ba da su, kuma zai yi wuya a kama shi. Saboda haka kafin mu tura kuɗi, mu sa ya rubuto mana a saƙo cewa kaya suna hannunsa har su iso mana, kuma idan akwai aibi shi zai biya kuɗin dawowa.

Wasu masu shaguna suna buga wa rasit ɗinsu cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. Wannan rubutu ba ya soke haƙƙinmu a kan kaya masu aibi, domin sashe na 129 ya hana a gindaya sharaɗin da zai tauye haƙƙin da dokar ta ba mai saye. Bugu da ƙari, sashe na 145 ya ce idan aka yi zargin kaya suna da aibi, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne.

Duk da haka, haƙƙi ba ya fitowa sai da shaida. Muna ba iyalanmu shawara su riƙa ɗaukar hoton tallar kafin su biya, su biya ta banki don a sami rasit, su ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwali, su ajiye kwalin da takardunsa. Idan an ga aibi, a sanar da mai kaya a rubuce a ranar, domin kiran waya ba ya barin sawu. Idan kuma dole ta sa muka biya kuɗin mayarwa daga aljihunmu, mu karɓi takardar tasha mu nemi a biya mu.

Idan mai kaya ya ƙi, akwai inda za a kai kuka. Hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafi, kuma tana da ofis a nan Legas. Jihar Legas ma tana da tata hukumar, wato LASCOPA. Har ila yau, a 2018 jihar ta kafa kotun ƙananan ƙararraki a ƙarƙashin kotunan majistare, domin neman kuɗin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba.

Game da kayan da ake saye daga ƙetare, kamar na AliExpress da Temu, hannun dokarmu ba ya kai wa ga ɗan kasuwar da yake zaune a Sin cikin sauƙi, kuma kuɗin mayarwa yakan fi kuɗin kayan. A nan mafita ita ce a shigar da ƙorafi a cikin manhajar kamfanin da hotuna, kafin wa'adin da suka ɗiba ya ƙare.

A ƙarshe, muna tunatar da kanmu cewa da yawanmu 'yan kasuwa ne. Muna aika kilishi, turare, goro da yadi zuwa Fatakwal, Abuja da Ibadan ta hanyar waya. Dokar nan ba ta manyan kamfanoni ba ce kawai, ta hau kan duk mai sana'ar saye da sayarwa. Idan kayanmu suka isa da aibi, mu biya kuɗin dawowarsu ba tare da gardama ba. A garin da ba namu ba, amanar da aka san mu da ita ita ce jarinmu, kuma ta fi ƙarfin kuɗin mota.

Duk wanda yake da irin wannan matsala a hannu, ya zo sakatariyar ƙungiya da rasit da hotunansa, za mu taimaka masa wajen rubuta takardar ƙorafi.