Yadda hukuma take janye abinci daga kasuwa

 Kun sha ji a rediyo an ce gomnati ta hana sayar da abu kaza, ko an kama nama a kasuwa an ƙone. Wasu suna cewa zalunci ne. To, ku saurara ku ji yadda abin yake tafiya, don wata rana zai iya zuwa ƙofar garkenku.

Farkon magana labari ne ke isowa. Ko likita ya ga mutane da yawa sun kwanta da ciwo iri ɗaya bayan sun ci abu ɗaya, ko malamin dabbobi ya ga abin da bai gamshe shi ba a jikin nama. Sai a ɗebi kaɗan a aika gidan bincike, kamar LABOCEL na Yamai. Amma ba a zama jiran amsa alhali mutane suna ci. Ana tsaida sayarwa tukuna.

Kayan masana'anta suna da sauƙi, don kowane gwangwani yana da lambar rukunin da aka yi shi a ciki. A watan Disamba 2017 an gano ƙwayar salmonela a madarar jarirai ta kamfanin Lactalis, wadda ake yi a garin Craon na Faransa. An yi shelar lambobin, daga baya aka janye duk abin da ya fito daga wannan masana'anta, a ƙasashe 83, har da na Afirka. Shi ya sa kada ku sayi maganin dabba ko madara da aka goge lambarta.

Saniya kuwa ba ta da lamba. A nan ne aikin yake da wuya. Sai mu bi sawu: mahauci ya nuna dillali, dillali ya nuna mai ita, a duba shaidar wutar da ke jikin fata da takardar lafiyar da aka ba garke. Hatimin da kuke gani a cinyar nama a mayanka, ba ado ba ne, shaida ce an duba huhu da hanta da saifa. Naman da aka yanka a bayan gari, wa zai bi sawunsa?

In cutar mai yaɗuwa ce, hukuma takan rufe yanki gaba ɗaya. A Fabrairu 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, aka hana fitar da kaji, aka kashe na wurin. A 2016 zazzaɓin kwarin Rift ya kashe mutane wajen Cintabaradan da Tasara, cikin jihar Tawa, aka yi ta kira a dafa madara kafin a sha, a daina taɓa ɗan da dabba ta ɓarar da hannu tsirara.

Na san abin da ke zuciyar mai dabba. Sa ya kwanta, kuɗi ne masu yawa, sai a ce a yi maza a sa mishi wuƙa kada ya zama mushe. In ciwon saifa ne, wannan wuƙar ita ce masifa. Wanda ya feɗe, da wanda ya ci, da wanda ya sayi fatar, duka suna cikin hatsari, kuma jinin da ya zuba yana barin ƙwayar cutar cikin ƙasa shekara da shekaru. Dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada ku buɗe ta. Ku kare ta daga karnuka da angulaye, ku kira malamin dabbobi, a ƙone ta ko a binne ta a rami mai zurfin mita 2.

Haka dabbar da aka yi wa allura: akwai kwanakin jira a rubuce jikin kwalba, kafin a yanka ko a sayar da nono. Wanda bai iya karatu ba ya tambayi wanda ya yi allurar, ya riƙe kwalbar har kwanakin su cika.