Alton Ellis: Mawaƙin da Ya Ƙi Yi wa 'Yan Daba Kirari



Da an ambaci waƙoƙin Jamaika, sai mu tuna Bob Marley. To, yau Alton Ellis za mu duba. An haife shi cikin 1938 a Trenchtown, unguwar talakawa a birnin Kingston. Bayan ƙasar ta sami mulkin kai cikin 1962, sai samari marasa aikin yi suka addabi unguwanni da wuƙa da bindiga, suna tarwatsa wuraren rawa. Mawaƙa da dama suka shiga kambama su, domin abin da ke sayar da faifai ke nan. Ellis kuwa ya fitar da "Dance Crasher" da "Cry Tough", yana jan kunnensu. Ladan da ya samu shi ne barazana daga waɗanda yake zaune tsakiyarsu.

A wannan zamani ne kiɗan ska mai sauri ya lafa ya zama rocksteady, wanda ya haifi reggae. Waƙoƙin da Ellis ya yi wa kamfanin Treasure Isle na Duke Reid su suka sa ake ce masa ubangidan rocksteady. Duk da haka, masu kamfanonin faifai suka fi cin moriyar guminsa. Ya koma Ingila da zama, Jamaika ta ba shi lambar girma cikin 2004, ya rasu a Landan cikin 2008.

Mu da gobe za mu riƙe alƙalami da ofis, za a nemi mu yabi wanda ake tsoro. Ranar nan sai mu tuna abin da Ellis ya zaɓa.