Madobiyar Taraba Da Aikin Da Ke Gaban 'Yan Arewa Mazauna Kudu



Masu dako da direbobin manyan motoci da suka yi aiki a Apapa wajejen 2014 zuwa 2017 ba su manta da gumaguman nan jajaye da aka riƙa durawa a jiragen ruwa ba. Madobiya ce, wadda 'yan katako suka laƙaba wa suna madrid. Da yawanta daga dazuzzukan Jihar Taraba aka saro ta, aka bi da ita ta Ikko zuwa ƙasar Sin. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya bisa yarjejeniyar CITES, amma kafin nan ɓarna ta yi nisa. Makiyayi ya fi kowa jin asarar, domin ganyenta shanu ke ci da rani.

Saran ya doshi Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a ƙasar nan, mai shayar da kogunan da ke faɗawa Binuwai. Masu gadin daji su kaɗai ba su isa su tsare wannan faɗi ba.

To, ga inda ƙungiyoyin 'yan gari na Ikko da Badun da Fatakwal za su shigo. Wanda ya tafi gida da salla, ya zauna da dagaci da Arɗo, ya ba su labarin abin da idonsa ya gani a tashar jirgi. Samari su fito aikin gayya, a dasa itatuwa, a yi sharar kan gona kafin lokacin gobarar daji. Sakatarorin ƙungiyoyi kuwa su rubuta wa wakilansu na Majalisar Jiha a Jalingo, da sa hannun kowa.